Yadda ake bambance simple past da past perfect a Turanci

Jimlolin Turanci biyun nan sun bambanta ne da kalma ɗaya tak, amma labarin da suke bayarwa ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce *When we reached the station, the train left.* Ta biyu kuwa ita ce *When we reached the station, the train had left.* A ta farko mun isa tasha, sannan jirgin ƙasa ya tashi a kan idonmu, wataƙila ma muna cikinsa. A ta biyu mun isa mun tarar da wayam, domin jirgin ya riga ya tafi tun kafin zuwanmu. Aikatau na ƙarshe a jimla ta farko yana cikin lokacin da nahawun Turanci ke kira *simple past*, na jimla ta biyu kuma yana cikin *past perfect*.

Akwai wata fahimta da ya kamata a kawar tun kafin a shiga matakai, domin ita ce tushen yawancin kurakuran da ake gani a takardun ɗalibai. Da yawa sun tashi da tunanin cewa *simple past* na abin da ya faru kwanan nan ne, shi kuwa *past perfect* na abin da ya faru tun da daɗewa. Nisan zamani ba ya cikin lissafin ko kaɗan. Ana cewa *Usman dan Fodio died in 1817* da *simple past*, ko da yake fiye da shekara 200 ke nan da rasuwar Shehu, ana kuma cewa *When I turned round, the boy had disappeared* da *past perfect*, alhali tsakanin ɓacewar yaron da waiwayena bai wuce ƙiftawar ido ba. Abin da *past perfect* yake nunawa shi ne cewa wani aiki ya riga wani lokacin da shi ma ya shuɗe.

Mataki na farko: ka riƙe siffar kowanne

A *simple past*, yawancin aikatau ana ƙara musu *-ed* ne a ƙarshe, kamar *walked* da *cooked* da *opened*. Sauran kuwa, waɗanda ba sa bin wannan ƙa'ida, kowanne da tasa siffar, kamar *went* da *saw* da *wrote*, kuma babu wata hanya ta saninsu sai hadda. Idan za a kore ko a yi tambaya, ana kawo *did*, sai aikatau ya koma siffarsa ta asali: *She did not go*, *Did she go?* Wanda ya rubuta *Did she went?* ya nuna shuɗewar lokaci sau biyu, alhali *did* ita kaɗai ta ɗauke wannan nauyi. Aikatau *be* ne ya fita daban, domin *was* da *were* ba sa neman *did*: *He was not there*, *Were they late?*

Shi kuwa *past perfect* ana gina shi da *had* tare da siffa ta uku ta aikatau, wato wadda take a layi na uku a jadawalin da ake haddacewa a makaranta: *go, went, gone*, *see, saw, seen*, *write, wrote, written*, *begin, began, begun*. Kalmar *had* ba ta sauyawa, ko mai aikin mutum ɗaya ne ko jama'a, ko mai magana ne ko wanda ake magana a kansa. Korewa ita ce *had not* ko *hadn't*, tambaya kuma ana yin ta ne da gabatar da *had*: *Had they eaten?* Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗora *had* a kan siffa ta biyu, a ce *had went* ko *had wrote* ko *had began*, kuma yana faruwa ne saboda a aikatau masu bin ƙa'ida siffa ta biyu da ta uku iri ɗaya ne, sai kunne ya saba, ya ɗauka ko'ina haka abin yake.

Abu biyu ƙanana suna rikita mai karatu. Na farko, *had had* ba kuskuren ɗab'i ba ne: a *She had had breakfast before we came*, ta farko mataimakiya ce, ta biyu kuma ita ce ainihin aikatau mai ma'anar ci. Na biyu, gajeren nan *'d* yana iya zama *had* ko *would*, kuma abin da ya biyo baya ne yake fayyacewa. *He'd gone* na nufin *he had gone*, tunda *gone* siffa ta uku ce, amma *He'd go* na nufin *he would go*.

Mataki na biyu: ka fara gwada maganar da Hausa

Mai jin Hausa yana yin wannan bambanci kullum ba tare da ya lura ba. Dubi waɗannan: «Da muka isa kasuwa, sai 'yan tumatir suka tashi» da kuma «Da muka isa kasuwa, 'yan tumatir sun riga sun tashi.» A ta farko, «sai … suka» tana tura labari gaba, aiki na bin aiki, kuma wannan shi ne gurbin *simple past*: *When we reached the market, the tomato sellers left.* A ta biyu, «sun riga sun» ta mayar da mu baya ga abin da ya kammala kafin isarmu, kuma nan ne gurbin *past perfect*: *When we reached the market, the tomato sellers had left.* Wanda ya karanta nahawun Hausa zai gane cewa wannan ya yi kusa da rabuwar shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, mai «mun, kun, sun, an», da na biyu, mai «muka, kuka, suka, aka», wanda da shi ake jera aukuwar abubuwa a labari.

Sai dai kusanci ne kawai, ba a ce kowace «sun» tana zama *had* ba. «Sun tafi» tana nuna aiki ya kammala, amma ba ta faɗin yaushe, sai abin da ke kewaye da ita ya faɗa. «Sun tafi jiya» ita ce *They left yesterday.* «Sun tafi», idan amsa ce ga wanda ya yi sallama yanzu yana neman mutanen gida, ita ce *They have left.* «Ko da na zo, sun tafi» kuwa ita ce *They had left when I came.* Siffa ɗaya ta Hausa ta rabu gida uku a Turanci, kuma a ganina wannan shi ya sa ɗalibi mai fassara daga zuciyarsa kalma bayan kalma yake yawan zamewa a nan. Gwajin da ya fi amfani shi ne ka saka «riga» ko «tun kafin nan» a cikin jimlar Hausa da ke ba da labarin abin da ya wuce. Idan ta zauna daram ba tare da ma'ana ta sauya ba, to *past perfect* kake buƙata. Idan kuwa «sai» ko «daga nan» ce ta fi dacewa, *simple past* ne.

Mataki na uku: ka nemo inda labarin ya tsaya

*Past perfect* ba ya tsayawa da ƙafarsa. Dole a sami wani lokaci da ya shuɗe wanda labari ya tsaya a kansa, sannan daga nan a waiwaya baya. Tarihin tseren zuwa ƙuryar kudancin duniya ya ba da misali mai kyau. Roald Amundsen, ɗan ƙasar Norway, ya isa wurin ranar 14 ga Disamba, 1911. Robert Scott na Birtaniya ya isa ranar 17 ga Janairu, 1912, ya tarar da tanti da tutar Norway a kafe. Idan kana ba da labarin kowannensu shi kaɗai, *simple past* ya wadatar: *Amundsen reached the Pole in December 1911. Scott reached it in January 1912.* Amma idan ka tsaya tare da Scott a ranar da ya isa, kana duban abin da ya gabata, sai ka ce *When Scott reached the Pole, Amundsen had already been there.* Abubuwan da suka faru ba su sauya ba, wurin da mai ba da labari ya tsaya ne ya sauya.

Ba lallai ne wannan matsaya ta zama wani aikatau ba. Tana iya zama sa'a ko shekara, musamman bayan *by*: *By six o'clock they had sold everything*, wato kafin ƙarfe shida ta cika sun sayar da komai. Tana kuma iya kasancewa a jimlar da ta gabata: *Musa was very tired. He had worked on the farm all day.* Gajiyar Musa ita ce inda labari ya tsaya, aikin gona kuma shi ne dalilin da ya rigaye ta. Wannan amfani na bayyana dalili yana da yawa ƙwarai, shi ya sa ake yawan ganin *had* bayan *because*, da kuma bayan aikatau irin su *realised* da *discovered* da *remembered* da *found*: *At the bank I realised that I had left my card at home.*

Haka nan idan wani hali ya faro tun baya ya ci gaba har zuwa matsayar, *past perfect* ake amfani da shi tare da *for* ko *since*. *When the seat of government moved to Abuja in December 1991, Lagos had been the capital for more than seventy years.* Legas ta zama babban birnin Nijeriya tun haɗewar 1914, kuma jimlar tana ƙirga shekarun ne daga wancan lokaci zuwa ranar ƙaura, ba zuwa yau ba. Idan aiki ne mai gudana ake son nuna tsawonsa, akan koma ga *had been* da aikatau mai *-ing*: *We had been waiting for two hours when the bus came.*

Saboda haka, duk lokacin da ka rubuta *had* da siffa ta uku, ka tambayi kanka: kafin me? Idan babu amsa a jimlar ko a maƙwabtanta, ka goge ta. Jimla kamar *I had visited my uncle last week*, idan ita kaɗai ce, tana barin mai sauraro yana jiran ragowar magana. Daidai shi ne *I visited my uncle last week.*

Mataki na huɗu: ka duba ko labarin yana bin jeri

Samun ayyuka biyu da ɗaya ya riga ɗaya bai isa dalilin kawo *had* ba, domin kusan kowane labari haka yake. Idan ka faɗi abubuwa bisa jerin da suka faru, mai karatu ya riga ya san wanne ne farko, sai ka bar su duka a *simple past*: *She locked the shop, walked to the junction and took a taxi.* Ta kulle shago, ta taka zuwa mahaɗa, ta hau tasi. Wanda ya rubuta *She had locked the shop, had walked to the junction and took a taxi* bai ƙara haske ba, nauyi kawai ya ƙara. Ana neman *past perfect* ne a inda aka karya jeri, aka ambaci na baya kafin na farko: *She took a taxi home and then remembered that she had not locked the shop.*

Mataki na biyar: ka lura da mahaɗin da ke tsakani

*When* ita ce ta fi buƙatar kulawa, domin ita kanta ba ta faɗin wanne ya riga wanne, aikatau ne yake faɗa. *When the principal came in, the students stood up* na nufin shigowarsa ce ta sa suka miƙe. *When the principal came in, the students had stood up* na nufin ya same su a tsaye. Akwai kuma hali na uku, inda *had* take zuwa a ɓangaren *when* ɗin kansa, don nuna cewa sai da aikin farko ya ƙare tsaf sannan na biyu ya fara: *When he had read the letter, he burnt it.* Sai da ya gama karanta wasiƙar sannan ya ƙona ta.

*After* da *before* sun sha bamban da wannan, tunda ma'anarsu ta riga ta nuna jeri. *After we ate, we prayed* da *After we had eaten, we prayed* duka daidai ne, ta biyun dai ta fi jaddada kammalawa, kuma ta fi dacewa da rubutu na hukuma ko na makaranta. Haka abin yake da *as soon as* da *until*. A maganar yau da kullum, musamman ta Amurkawa, za ka ji ba a saka *had* a irin waɗannan wurare, kuma ba kuskure suke yi ba. *By the time* kuwa kusan kullum tana jawo *past perfect* a ɗaya ɓangaren idan aiki ne da ya kammala: *By the time the fire engine arrived, the neighbours had put out the fire.*

Akwai wani salo na *before* da yake kama da ya saɓa wa duk abin da aka faɗa: *The invigilator collected my paper before I had finished.* A nan *had finished* ba ta riga karɓar takarda ba, hasali ma gamawar ba ta auku ba sam. Turanci yana amfani da wannan siffa don nuna aikin da aka katse kafin ya kai ƙarshe, kamar yadda za mu ce an karɓe takardata tun ban gama ba.

Sai kuma tagwayen nan da masu shirya tambayoyin cike gurbi a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB suke so: *no sooner … than* da *hardly … when*. Ma'anarsu ita ce «ke nan sai», kamar a «zamanmu ke nan sai aka ɗauke wuta». Aikin farko yana ɗaukar *past perfect*, na biyu *simple past*, kuma idan jimla ta fara da su, *had* tana gabatar mai aikin kamar a tambaya: *No sooner had we sat down than the light went off. Hardly had we sat down when the light went off.* A riƙe cewa *than* ta *no sooner* ce, *when* kuma ta *hardly* da *scarcely*, ba a musanya su.

Mataki na shida: wuraren da had take da wani aiki dabam

Idan ana ba da rahoton maganar wani da aikatau irin su *said* ko *told*, lokacin maganar yana ja da baya taki ɗaya. Wanda ya ce *I have lost my phone* za a ruwaito shi da *He said that he had lost his phone*, wanda ya ce *I saw the thief* kuma da *He said that he had seen the thief.* A na biyun ana iya barin *saw* yadda take a hira idan babu ruɗani, amma a takardar jarrabawa ja da bayan ya fi aminci.

A sharaɗin abin da bai faru ba, wanda Hausa ke ginawa da «da … da», ɓangaren *if* yana ɗaukar *past perfect*, ɗayan kuma *would have* da siffa ta uku: *If it had rained, the millet would have survived*, da an yi ruwa da geron ya tsira. Kada a saka *would have* a ɓangaren *if* a rubutu. Bambancin da ke tsakanin lokutan biyu a nan ba na jeri ba ne. *If I had money, I would buy it* magana ce a kan yanzu, ba ni da kuɗin a halin da ake ciki, ita kuwa *If I had had money, I would have bought it* magana ce a kan damar da ta riga ta wuce. Haka yake da *wish*: *I wish I knew* na nufin ina ma na sani yanzu, *I wish I had known* kuma ita ce da-na-sani ta abin da ya wuce.

Ana kuma cewa *It was the first time I had seen the sea*, ba *I saw* ba, kuma *We had hoped to finish in June* tana ɗauke da alamar cewa burin bai cika ba.

Mataki na bakwai: ka gwada a kan cikakken sakin layi

A dogon labari, *simple past* shi ne hanyar da ake tafe a kai, *past perfect* kuwa ratse ne da ake yi a dawo. Ga gajeren tarihin nutsewar jirgin ruwan Titanic, a duba dalilin kowane zaɓi:

*The Titanic left Southampton on 10 April 1912. Four days later, shortly before midnight, she struck an iceberg. Other ships had sent warnings about ice, but she was still travelling at high speed. The Carpathia received the distress call and turned towards her. When the Carpathia arrived at about four in the morning, the Titanic had already sunk. The crew rescued about seven hundred people who had escaped in the lifeboats.*

*Left* da *struck* suna bin jeri, kowanne da ranarsa, don haka *simple past* ne. A jimla ta uku labari yana tsaye a daren 14 ga Afrilu, sai aka waiwaya ga gargaɗin ƙanƙara da wasu jirage suka aiko tun kafin karon, shi ya kawo *had sent*. Da *received* da *turned* an koma kan hanya. A jimla ta biyar *when* ce, wadda ba ta nuna jeri da kanta, kuma Titanic ya nutse ne da misalin ƙarfe 2:20 na dare, fiye da sa'a ɗaya da rabi kafin isowar Carpathia, jirgin da ya kawo ɗauki. Da an rubuta *the Titanic sank*, da jimlar ta ce jirgin ya nutse a gaban masu ceto, wanda ba haka tarihi ya nuna ba. A jimla ta ƙarshe an ambaci ceto kafin shiga kwale-kwale, alhali shiga kwale-kwalen ne ya riga, saboda haka *had escaped*.

Idan waiwayen ya yi tsawo, ya kai jimla biyar ko shida, ba a buƙatar maimaita *had* a kowace. Marubuta sukan buɗe da ita sau ɗaya ko biyu, har mai karatu ya gane an koma baya, sannan su ci gaba da *simple past* a cikin waiwayen: *Amina knew the house well. She had lived there as a child. Her father kept goats behind the kitchen, and every evening she carried water to them.* Kiwon awaki da ɗiban ruwa duk a yarintar Amina suka faru, amma *had lived* ta riga ta kai mu can, sauran sai suka tafi a sauƙaƙe. Wurin da ake bukatar taka-tsantsan shi ne dawowa, domin tunda waiwayen da ainihin labarin yanzu duk suna cikin *simple past*, dole a sa wata alama ta lokaci da za ta nuna an dawo, kamar *Now, twenty years later, she stood at the gate and knocked.* Idan ba a sa wannan alama ba, mai karatu zai ɗauka yarinyar da ke kai wa awaki ruwa ce take ƙwanƙwasa ƙofa.